Wa zai zauna da tsoho idan ƴaƴa sun tafi nema?

Da an gama girbin gero a Zabori da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sai samari su fara ɗaure kaya. Wasu su bi ta Gaya su ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil, daga can su wuce Paraku ko Kwatano. Wasu su shiga Najeriya ta Kamba, su nufi Birnin Kebbi ko Legas. Wanda ake bari a gida shi ne wanda ƙafa ta gaza: tsohon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da tsohuwar da idonta ya dushe.

A Turai da Amurka akwai kamfanonin da ke aiko da mai jinya har gida, a biya shi da awa. Mutumin karkarar jihar Doso bai san wannan ba. Shirin magani kyauta da Nijar ta soma a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, bai haɗa da tsofaffi ba. Fansho kuwa na wanda ya yi aikin albashi ne. Manomi ba shi da shi. Saboda haka nauyin kan faɗa wa matar ɗa, wadda ga girki, ga ɗibar ruwa, ga goyo. Ko kuma a cire jika ƴar shekara goma daga makaranta a ce ta zauna wurin kaka. Wannan na biyun shi ya fi damuna. Yarinya ba za ta iya ɗaga babban mutum ba, ba ta san ƙa'idar magani ba, kuma karatun da aka katse mata da wuya ya dawo.

Jinyar tsoho aiki ne mai ilimi. Wanda ke kwance bai iya motsi yana bukatar a riƙa juya shi duk bayan kamar awa 2, domin nauyin jiki na danne jijiyoyin jini a ƙugu da diddige da kafaɗa. In jini ya daina kai wa wurin, fata ta mutu, gyambo ya buɗe, kuma irin wannan gyambon kan ci nama har ƙashi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiya na yi masa wuya, don haka a zaunar da shi kafin a ba shi kunu ko fura, kada ya shaƙe, abinci ya sauka huhu. Tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. A zafin bazara, in aka jira sai ya nemi ruwa, jiki ya riga ya bushe. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ga sauƙi.

Akwai kuma gigin tsufa. Tsohuwa ta manta sunan ɗanta, ta fita da dare, ta yi ta sambatu. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba iska ba, ba maita ba. Mai zama da ita dole ta san haka, in ba haka ba za ta tsorata ko ta riƙa yi mata tsawa.

To wa za a nema? A ganina, babbar mace ko magidanci daga cikin dangi ko unguwa, wanda liman da mai gari suka san halinsa. Mace ga uwa, namiji ga uba, saboda wanka da tsarki; dattijo kan gwammace ya kwana cikin ƙazanta da ya buɗe jikinsa gaban surukarsa. A tambayi tsohon kansa kafin a yanke shawara, kuma a samo mai jin harshensa, ko Hausa ne, ko Zabarmanci, ko Fulatanci. A kai mai jinyar zuwa asibitin gari, malamin lafiya ya nuna mata juyi da wanke gyambo da lokutan magani, ta kuma riƙe lambar wayarsa.

Sai maganar da ake jin nauyin faɗa: a biya ta. Kalmar "ai ƴar'uwa ce" ta cinye haƙƙin mata da yawa. A yanka mata abin wata, a ba ta ranar hutu, a samu mai canjinta. Ƴaƴan da ke Kwatano da Yamai su raba nauyin a fili, a aiko kuɗin hannun mutum ɗaya amintacce, a ware na magani daban da na cefane.

Kai da ke nesa, kada ka tsaya ga aike. Ka kira, ka ce a miƙa wa Baba wayar ka ji muryarsa da kanka. In ka zo gida, ka ɗaga masa riga ka duba bayansa da ƙugunsa.