Ɗakin Henry Darger da Abin da Aka Tarar a Cikinsa

A ƙarshen shekarar 1972, tsufa ya ci ƙarfin wani dattijo mai suna Henry Darger a birnin Chicago na Amurka, aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Kusan shekara arba'in ya yi a ɗakin haya guda, sana'arsa shara da wanke-wanke a asibitoci. Ba mata, ba 'ya'ya. Da aka zo kwashe kayan ɗakin, sai aka ci karo da abin da ya ɗaure wa kowa kai.

Cikin tulin tsofaffin jaridu da kwalabe da dunƙulen zare, ga wani labari da ya buga da tafireta, shafi sama da 15,000, kan yaƙin wasu 'yan mata bakwai da masu bautar da yara. Ga kuma ɗaruruwan zane-zane masu launi, wasu tsawonsu ya kai mita uku. Alhali bai taɓa shiga ajin koyon zane ba.

Zanen kam kowa ya gani ya yaba. Ni ƙananan takardun ne suka fi jan hankalina. Wanda ya yi makarantar zane yana da malamai da abokan karatu da za su ba da labarinsa, amma wanda ya koya wa kansa ba shi da shaida sai takardunsa. Daga hotunan da ya yayyanke a mujallu da littattafan yara aka gano dabararsa: yakan ɗora takarda ya kwafi siffar yarinya, in hoton ya yi ƙanƙanta ya biya kuɗi a ƙara masa girma, duk da albashinsa bai taka kara ya karya ba. Har littafin yanayi ya ajiye, shekara goma cur daga ƙarshen 1957, kullum yana gwada abin da masu hasashe suka faɗa da abin da gari ya wayi da shi, yana caccakarsu in sun kuskure.

Sa'ar da aka yi, mai gidan, Nathan Lerner, mai ɗaukar hoto ne, yana da idon gane abu mai daraja. Da wani ne, da tuni bola ta lashe komai.

Darger ya mutu a watan Afrilun 1973. Yau rubuce-rubucensa suna ajiye a gidan tarihi na American Folk Art Museum da ke New York, inda masu bincike ke nazarinsu. A Chicago kuwa, cibiyar Intuit ta kwaikwayi ɗakin nasa da ainihin kayansa, ta buɗe wa jama'a a 2008.