Richard na Uku na Ingila: Sharrin magabta ko alhakin marayu?

A shekarar 2012 masu binciken kayan tarihi suka tono ƙasusuwan wani mutum a ƙarƙashin filin ajiye motoci a birnin Leicester na Ingila. Gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa na Sarki Richard na Uku ne, wanda aka kashe a yaƙin Bosworth a 1485 bayan mulkin shekara biyu kacal. Ƙashin bayansa a karkace yake, amma babu alamar shanyayyen hannun da Shakespeare ya laƙaba masa a wasan kwaikwayonsa.

Yawancin labarin muguntarsa an rubuta shi ne a zamanin Henry na Bakwai, wanda ya kayar da shi, da magadansa. Marubuci John Rous ya yaba adalcin Richard yana raye. Da mulki ya sauya hannu, sai ya rubuta cewa shekara biyu ya yi a cikin mahaifiyarsa, aka haife shi da haƙora. Sarki goma, zamani goma.

Masu kare shi suna da hujja. Majalisarsa ta 1484 ta sauƙaƙa belin waɗanda ake tuhuma, ta hana ƙwace dukiyarsu kafin hukunci, ta kuma soke gudunmawar dole da sarakuna ke karɓa daga attajirai.

Sai dai akwai abin da wannan bai wanke ba. Da yayansa Edward na Huɗu ya rasu a Afrilun 1483, Richard ne aka naɗa mai riƙon ƙasa a madadin ɗan marigayin. Kafin ƙarshen Yuni ya sa an fille kan Lord Hastings ba tare da shari'a ba, an ayyana 'ya'yan yayan nasa a matsayin shegu, ya haye gadon. Yaran biyu, mai shekara 12 da mai 9, suna tsare a Hasumiyar Landan, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Wani baƙo ɗan Italiya, Dominic Mancini, ya rubuta a shekarar cewa tuni ana zargin an hallaka yaron sarki, tun Henry bai zo ba.

Babu takardar da ta nuna Richard ya ba da umarnin kisan. Amma amanar yaran tana hannunsa, kuma da raɗe-raɗi ya yi yawa bai fito da su an gan su ba. Magabtansa sun ƙara gishiri, amma wannan tambayar har yau shi take jira ya amsa.