Jiri Da Hajijiya: Kada Falke Ya Raina Su

A wannan fitowa za mu ɗan jingine maganar farashin shanu da kuɗin duwan, mu taɓo wata larura da ke damun da yawa cikinmu amma ba a cika faɗa ba, wato jiri da hajijiya masu tafiya su dawo. Wanda ke kwana bisa tirela daga Maigatari zuwa Legas, ko mai kutsawa tsakanin bijimai a kara, in ƙasa ta juya masa ko da na ƙiftawar ido ne, ana iya samun karaya, ko ma a rasa rai.

To, abin da ya kamata a fara sani shi ne, jiri ba shi ne cutar ba, alama ce kurum. Likita kan gane tushensa daga amsar tambaya uku: yaya kake jin sa, me ke tayar da shi, kuma minti nawa yake yi.

Na farko akwai jirin da ido kan yi duhu in mutum ya miƙe zumbur bayan dogon zama. Wannan jini ne bai isa kai da wuri ba. Yawanci ƙishirwa ce da zafin rana da yunwa, musamman ga 'yan kore da masu wuni a kasuwa daga shayi sai goro. Ƙarancin jini ma yana kawo shi, sakamakon zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki ko basir mai zubar da jini. Maganinsa a tashi sannu, a ci abinci, a sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ba. In an yi zufa da yawa ko zawo, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta a sha. In abin ya ƙi ƙarewa, a je a auna jini.

Na biyu ita ce hajijiya, wadda mutum zai ga ɗaki na juyawa da shi. Wannan galibi daga can cikin kunne take, domin nan ma'aunin tsayuwar ɗan Adam yake. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ba su kai tsabar yashi ba, in suka goce daga mazauninsu, da mutum ya juya bisa shimfiɗa ko ya ɗaga kai sama sai duniya ta kama juyi, amma ba ta kai minti 1 take lafawa. Ta fi kama wanda ya haura shekara 50, da wanda ya taɓa buguwa a kai, ko faɗuwa daga mota ko tunkuyin sa. Ita wannan ba ƙwaya ke warkar da ita ba. Likita ne zai kwantar da kai, ya juya kanka daki-daki har ƙwayoyin su koma wurinsu, dabarar da wani likitan Amurka, John Epley, ya wallafa a 1992. Mafi yawa kan samu sauƙi bayan yi ɗaya ko biyu.

In kuwa hajijiyar tana kai minti 20 zuwa awoyi, ga ƙara cikin kunne, ga ji yana raguwa, to ana zaton cutar da likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861. Wannan sai likitan kunne, kuma akan ce a rage gishiri.

Sai kuma abin da muke jawo wa kanmu. Tramadol da wasu ke sha don ƙarfin tafiya yana sa jiri. Allurar gentamicin da streptomycin, in an yi su barkatai, suna lalata cikin kunne, wani lokaci har abada, saboda haka kada wanda ya kuskura ya yi wa kansa allurar shanu. Maganin kaska da ake fesa wa dabbobi shi ma guba ne, a rufe hanci, a wanke jiki bayan aiki. Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari, in jiri ya dame shi, ya koma wurin likitansa a duba adadin, kada ya daina da kansa. Ƙwayar hana hajijiya irin su Stugeron kuwa ta 'yan kwanaki ce, ba ta kullum ba.

Amma fa akwai jirin da ba ya jiran a tashi kasuwa. In ya zo tare da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe, ko ganin abu biyu-biyu, ko matsanancin ciwon kai, ko ciwon ƙirji, ko suma, ko kasa tafiya, to yana iya zama shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya. A bar shanun hannun dillali, a nufi asibiti mafi kusa nan take, ko a Maraɗi ne ko Katsina ko Marwa, kada a ce sai an koma gida.

Daga ƙarshe, mai fama da jiri kada ya hau saman tirela, kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya shiga tsakiyar garke har sai an gano dalili. Lafiya ita ce uwar kuɗin falke. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu gida lafiya, amin.