Ciwon sukari: yadda ake kula da kowane nau'i a ƙauyukan Makwar

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, samun magani ya yi wa masu ciwon sukari wuya, har da Hausawan Mai Wurno da sauran ƙauyukan da ke kewaye da Makwar, wato Sennar. Lamarin ya ƙara tsananta a watan Disamban 2023, lokacin da Wad Madani, inda mutanen yankin da dama ke zuwa ganin likita, ta faɗa hannun dakarun RSF. Sojoji sun ƙwato birnin a watan Janairun 2025.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne. Nau'i na farko ya fi kama yara da matasa: jikinsu ya daina samar da insulin, don haka allura ta zama dole kullum. Babu jiƙo ko sassaƙen da zai maye gurbinta, kuma barin ta na ƴan kwanaki kaɗai na iya kai yaro ga doguwar suma, har ma da mutuwa.

Ina za a ajiye insulin idan babu wuta? Wani binciken da ƙungiyar MSF da jami'ar Geneva suka fitar a 2021 ya nuna cewa kwalbar da aka fara amfani da ita kan riƙe ƙarfinta tsawon makonni huɗu, a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Sai dai bazarar Sennar kan zarce 40. A nan randar ƙasa ke da amfani: a sa kwalbar cikin leda ɗaurarriya, a ajiye ta a jiƙaƙƙen yashi ko a gindin randa, a inuwa.

Nau'i na biyu shi ya fi yawa, galibi ga manya. Akan fara da ƙwayar metformin, da rage ƙiba, da tafiyar ƙafa. Wasu daga baya su buƙaci allura. Ba a hana kisra ko asida ba, a dai rage yawansu, a ƙara ganye da wake. Abin da ya fi wuyar bari a Sudan shi ne shayi mai sukari cokali uku, safe da yamma.

Na masu juna biyu kan tafi bayan haihuwa, amma a ci gaba da gwaji, don yakan dawo a matsayin nau'i na biyu.

Mai allura ya riƙa yawo da dabino ko sukari a aljihu. Rawar jiki, zufa da jiri alamu ne na faɗuwar sukari, sai a ci nan take. Manoman da ke shiga ruwan noman rani ba takalmi su duba ƙafafunsu kowane dare, saboda ciwon kan kashe jijiyoyi har ƙaya ta soki mutum bai ji ba. Azumi kuwa, a tambayi likita kafin watan ya kama.