Mai Sanin Mazaunin Kowane Littafi

Littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba ya ɓata, ko da yana cikin ginin. Shi ya sa ma'aikatan laburare ke roƙon mai karatu, in ya gama, ya bar littafi kan tebur kawai, su za su mayar. Wasu na ɗaukar abin a matsayin fi'ili, alhali a nan sana'ar ta dogara.

Sabon littafi ba ya hawa kanta ranar da ya iso. Sai an buga masa hatimi, an shigar da shi rajista, sannan mai tsarawa ya zauna ya duba abin da ya ƙunsa, ya yanka masa lamba. Ɗakunan karatu na gari galibi tsarin Dewey suke bi, wanda wani Ba'amurke ya fito da shi a 1876: nan za ka tarar da littattafan Musulunci a lamba 297, ko a Kano kake ko a Landan. Kafin zuwan kwamfuta, a kati ake rubuta bayanin, a jera cikin 'yan durowoyi ta sunan marubuci, ta sunan littafi, da ta fanni.

Sunan marubucin ma rigima ne. Turawan da suka kafa ƙa'idar da sunan dangi suke farawa. To, Sa'adu Zungur fa, ko Mu'azu Haɗeja, da sunan gari ne a ƙarshe? Mai nema zai nufi harafin S, ƙa'ida ta kai shi Z. Gwanin ma'aikaci sai ya saka kati a wurare biyun, ɗaya na nuna hanyar ɗaya. Ba wanda zai gode masa, don ba wanda ya san an yi.

Aikin ya fi tsauri a wurare irin Arewa House da ke Kaduna, wadda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan Sardauna. Rubuce-rubucen hannu na malamanmu warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, sau da yawa ba lambar shafi. Abin da ke shiryar da mai aiki shi ne kalmar da marubuci ya ɗiga a ƙasan warƙa, wadda da ita ta gaba za ta fara. In gafaka ta zube, da wannan 'yar kalmar ake bi, warƙa bayan warƙa. Ga gara, ga laimar damina, ga ƙurar hunturu, kowanne da nasa ta'adin.

Masu cewa waya ta raba gardama su gwada neman tsofaffin jaridunmu. Abin da ba a adana ba, ba a ɗauki hotonsa ba, intanet ba ta san da shi ba. A laburare kuwa, ɗalibi zai zo ya ce, "Malam, ina neman littafin tarihi." Amsar ma'aikaci ta farko tambaya ce: "Tarihin ina, wane zamani, kuma me malaminku ya ce ku rubuta?" Kafin a kai ga kanta, yaron ya gane abin da ya zo nema.

Lokacin jarrabawa kuwa kujera kan yi wuya, don akwai 'ya'yan da gidajensu ba inda za su zauna shiru na awa ɗaya. Abin takaici, a ɗakunan karatun jihohi da dama sukan tarar da littattafan kimiyya da suka girme su, kuma ma'aikacin ake harara, alhali ba shi ke sa hannu a kasafin kuɗi ba.