Kumburin Da Kunya Ke Ɓoyewa

Kwana biyar wata ƙanwata ta yi tana tafiya a karkace, in an tambaye ta sai ta ce maruru ne a cinya. Sai da zazzaɓi ya kwantar da ita, zama ya gagara, sannan ta raɗa mini gaskiya: kumburin a bakin gabanta yake. Likitar da ta duba ta ta ce da ta zo tun farko, da wahalar ba ta kai haka ba.

A gefe biyu na bakin farji akwai wasu 'yan jakunkuna, kowace ba ta wuce ƙwayar wake ba, masu fitar da ruwan da ke sa wurin danshi. Ana kiransu da sunan Bartholin, masanin ƙasar Denmak da ya bayyana su a 1677. Idan mafitar ɗayarsu ta toshe, ruwan kan taru ya zama ƙulli mai laushi, galibi a gefe guda, kuma sau da yawa ba ya ciwo. Kimanin mata 2 cikin 100 kan gamu da shi a rayuwarsu.

Matsalar ita ce idan ƙwayoyin cuta suka shiga ya tara mugunya. Cikin kwana biyu ko uku wurin kan yi ja, ya yi zafi, ya riƙa zogi. Tafiya da zama da kwanciyar aure duk su zama azaba, wani lokaci har da zazzaɓi. Wannan ba shaidar lalata ba ce. Ƙwayoyin da ke cikin hanjin kowa ma suna haddasa shi, ko da yake ciwon sanyi na iya zama sanadi.

Ƙaramin ƙulli marar ciwo kan saki da zama cikin ruwan ɗumi sau uku ko huɗu a rana. Amma wanda ya tara mugunya aikin asibiti ne, inda za a tsaga a tsiyaye shi cikin tsafta. Kada a matse, kada a kai wa wanzami, kada a cusa haɗin masu talla. Wadda ta haura shekara 40 kuwa, ko ƙullin ba ya ciwo ta je a duba, don a tabbatar ba daji ba ne.

Mu da muka yi boko, mu ne ya wajaba mu fara buɗe wa 'ya'yanmu da ƙannenmu wannan magana. Kunya ado ce, amma ba a gaban likita ba. Allah Ya ba mu lafiya.