Me Ya Sa Ake Ƙayyade Mana Lokaci A Kan Kwamfuta?

A wannan makon Kulob ɗin 'Yan Jarida ya ɗauko maganar da ta fi jawo gardama a ɗakin kwamfuta, wato maganar lokaci. Kowannenmu ya san yadda abin yake. Ka daɗe a layi, da ƙyar ka samu kujera, hannunka ya fara sabawa da linzami ke nan sai ka ji monita ya ce, "Lokaci ya yi, na gaba!" Wasu su tashi suna gunaguni, wasu su ce mugunta ce. Mun zauna mun yi lissafi, mun tambayi malamanmu da yayyenmu, ga abin da muka gano.

Mu fara da lissafi

Mu ɗauka ajinmu mutum 60 ne, kwamfutocin da ke aiki kuma guda 6 ne. Mu ɗauka man janareta zai kai awa 2, wato minti 120. Idan aka ninka 120 sau 6, za a samu minti 720. Wannan shi ne duk abin da ke cikin tukunya a ranar. A raba 720 gida 60, kowa ya tashi da minti 12. To, idan mutum ɗaya ya kafe a kujera har awa guda, ya cinye rabon mutum 5, nasa da na wasu huɗu. Waɗannan huɗun za su koma gida ba su taɓa komai ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan.

Mu a nan Kabo mun san wannan tun ba a makaranta ba. Duk wanda aka taɓa aika ɗiban ruwa a tuƙa-tuƙa ya san dokar layin jarka. Ka cika taka ka matsa. In ka zo da jarka goma ka ce sai ka cika su duka, za ka ji bakin mata tun daga ƙarshen layi. Kwamfutar jama'a ma haka take, sai dai ruwanta lokaci ne.

Ba a makarantarmu aka fara ba

Yayyenmu da suka yi rajistar jarrabawa a shagunan kafe na Gwarzo ko na cikin birnin Kano sun ba mu labari. A can tikiti ake saye, na minti 30 ko na awa ɗaya. Akwai agogo a kan allon kwamfutar yana ƙirgawa, da zarar lokacin ya ƙare sai ta rufe kanta. Ba monita, ba roƙo.

A Amurka da Ingila ma, inda kwamfutoci suka fi namu yawa nesa ba kusa ba, ɗakunan karatu na jama'a da dama suna da irin wannan doka. Mutum zai shiga da lambar katinsa na laburare, a ba shi kamar rabin awa ko awa ɗaya. Kafin lokacin ya ƙare na'urar za ta yi masa gargaɗi domin ya adana aikinsa. A wurare da yawa, idan babu mai jira sai a ƙara masa. Dalilinsu shi ne dalilinmu: abin na kowa ne, kuma waɗanda suka fi bukatarsa su ne waɗanda ba su da shi a gida.

Mu kuwa babban ɗakin karatu na jiharmu, wato na Murtala Muhammed, yana cikin birnin Kano. Ɗalibin Kabo ko Garo ko Gwarzo sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa kafin ya leƙa shi. Saboda haka ga yawancinmu, 'yan kwamfutocin makaranta su ne laburaren, su ne kafen.

Me za mu rasa idan ba mu samu rabonmu ba?

Wani zai ce, "Mu da muke ƙaramar sakandare, mene ne na gaggawa?" Ga amsa. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, kowa a kwamfuta yake rubutawa. Tambayoyi 180 ne a cikin awa 2. Idan ka raba daƙiƙa 7,200 gida 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Wanda bai taɓa riƙe linzami ba, yana can yana neman inda zai danna, lokaci yana tafiya. A kan allon rubutu harafin N ne ke kai ka tambaya ta gaba, P kuma ya mayar da kai baya. Abu ne mai sauƙi ga wanda ya saba, amma ga wanda ya fara gani a ranar, hannu har rawa yake yi. Hukumar WAEC ma ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu rubutawa daga waje a shekarar 2024.

Ɗan aji biyu na yau, nan da 'yan shekaru shi ne zai zauna a wannan kujera tare da 'ya'yan da suka tashi da kwamfuta a falon gidansu. Minti 12 ɗin da muke rainawa, shi ne jarinmu.

Amma masu ƙorafi ma suna da gaskiyarsu

Ba za mu ɓoye ba, dokar tana da nata ciwon. Na farko, ba kowa ke da sauri ɗaya ba. Mai koyo yakan ƙare rabin lokacinsa wajen neman haruffan sunansa. Na biyu, wani lokaci intanet ɗin ce ke jan ƙafa, shafi ɗaya ya ƙi buɗewa har lokacinka ya wuce. Na uku, janareta kan mutu ana tsakiyar aiki, na ƙarshen layi su tashi a tutar babu. Na huɗu, kuma wannan ya fi damun mu, idan babu rubutaccen layi, masu ƙarfi da manyan aji ne ke shigewa gaba. Ƙanana da masu kunya sai su tsaya a baya suna kallo.

Waɗannan matsalolin ba sa nuna a soke dokar. Idan aka soke ta, masu ƙarfin nan ne za su zauna har a tashi. Gyara take bukata.

Shawarwarinmu

Muna roƙon malamanmu, cikin girmamawa, su duba waɗannan:

1. A ajiye littafin rajista a bakin ƙofa. Kowa ya rubuta sunansa da lokacin da ya zauna, a bi layi kamar yadda yake a rubuce.

2. A rataya agogon bango inda kowa zai gani, domin kada a ce monita ya yi son kai.

3. A riƙa sanarwa idan saura minti 2, don mutum ya adana aikinsa.

4. Idan wuta ta ɗauke, waɗanda ba su samu ba su ne za su fara a mako mai zuwa.

5. A haɗa wanda ya iya da mai koyo a kwamfuta ɗaya. Mutum biyu masu minti 12 sun zama masu minti 24, ɗaya na dannawa ɗaya na kallo, sannan su yi musanya.

6. Idan babu mai jira, a bar wanda ke kai ya ci gaba.

Mu ma ɗalibai akwai namu aikin. Kafin layi ya zo kanka, ka rubuta abin da za ka yi a takarda. Za ka iya zana allon rubutu a bayan littafinka, ka riƙa koyon inda kowane harafi yake tun daga gida, ba sai da wuta ba. In ka zauna, ka bar wasan kati da kallon hotuna, ka yi abin da ya kawo ka. In an ce lokaci ya yi, ka tashi ba tare da an maimaita ba, ka tuna ɗazu kai ne a tsaye kana ƙirga mintocin wani.

Wanda yake da wata shawara ko bai yarda da mu ba, ya rubuta ya jefa a akwatin kulob. Za mu liƙa ta a wannan allo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.